Wanda ya biya kuɗin jinya, dole ne likita ya faɗa masa cutar?

Baffa: Salamu alaikum. Jiya na kai matar ƙanina asibiti a nan Garwa. Ni na biya gwaji, ni na sayi magani. Na tambayi likita me ke damunta, ya ce sai in ita ta yarda. Raina ya ɓaci. Wanda ya ɗauki nauyin jinya dole a faɗa masa.

Goggo: Gaskiyarka, Yaya. Mu ba baƙi ba ne, mu za mu kwana a gefen gadonta.

Auta: Baffa, Allah ya huci zuciyarka, likitan nan bin doka ya yi. Sashe na 310 na kundin hukunta laifuka na Kamaru ya tanadi ɗaurin wata 3 zuwa shekara 3, da tarar sefa 20,000 zuwa 100,000, ga wanda ya tona sirrin da ya sani ta dalilin aikinsa. Ƙa'idar aikin likitoci ta 1983 ma ta ɗora masa riƙe sirri, kuma majalisar likitoci ta ƙasa, wato Ordre des Médecins, na iya yi masa gargaɗi, ta dakatar da shi, ko ta soke sunansa. Mu ɗaliban likitanci ba a yi mana rajista ba tukuna, amma tun ranar da muka fara shiga ɗakin majiyyata ake ja mana kunne a kan wannan.

Baffa: Dokar Yawunde ce, ɗana. Ba ta san zaman gidanmu ba.

Auta: Zaman gidanmu ne ya sa nake goyon bayan dokar, Baffa. Mace ta san abin da ta faɗa wa likita zai kai kunnen suruka da kishiya kafin magariba. Ciwon mara, ɓarin ciki, ciwon sanyi, wa za ta gaya wa? Sai ta yi shiru ta koma wurin mai tallar ƙwaya a kasuwa, ba ta zuwa mana sai abin ya ci jikinta.

Malam: Amana ce wannan. Abin da mara lafiya ya buɗe wa likita bisa larura ya buɗe shi, kuma kuɗin jinya taimako ne, ba ya sayen sirrin mutum.

Goggo: To, in cuta ce mai kama miji fa, kamar ƙanjamau? A bar shi cikin duhu?

Auta: Nan ne wuri mai wuya, Goggo. Likita zai zauna da ita ya nuna mata haɗarin, ya nemi ta kawo mijin a gwada su tare. Kwalara kuwa, irin wadda ta yi ɓarna a yankin Marwa a 2010, dole a kai rahoto ga hukumar lafiya. Ƙaramin yaro kuma iyayensa ake yi wa bayani.

Goggo: In ta ƙi kawo shi?

Auta: Ya sake kiranta, ya sake lallashi.

Baffa: A kan mu dangi da suruka na ji. A kan miji ban gamsu ba, don shi ma ransa ne a ciki.