Sayen tsohon gida a garin Ely na Ingila: ina neman shawara kafin in sayar da filina

Tambaya daga wani magidanci a Jos

Assalamu alaikum. 'Yata ma'aikaciyar jinya ce a Kambirij ta Ingila, kuma tsadar haya ta sa ita da mijinta suna son sayen gida a Ely, wani ƙaramin gari mai daɗaɗɗen tarihi da ke arewa da birnin, tafiyar mintoci kamar 20 a jirgin ƙasa. Gidan da ya kwanta musu a rai tsoho ne, yana cikin wani lungu kusa da babbar majami'ar garin, wadda aka fara ginawa a 1083. Na yi niyyar sayar da filina na Lugbe domin in tallafa musu da kuɗin kafin alƙalami. Ina roƙon waɗanda suka san ƙasar su faɗa mini abin da ya kamata a bincika.

Amsar wani masanin gine-gine a Abuja

Wa'alaikumussalam. Alhaji, kafin komai a tambaya ko gidan yana cikin rajistar gine-ginen tarihi da gwamnati ke karewa, domin kewayen irin waɗannan majami'u cike yake da su. Idan yana ciki, mai shi ba ya da ikon sauya taga, ko rushe bango, ko canza irin rufin, sai da izinin ƙaramar hukuma, kuma yin haka ba da izini ba laifi ne da ake gurfanar da mutum a kotu a kansa. Abin da ya fi damuna shi ne, idan mai gidan na baya ya yi gyara ba bisa ƙa'ida ba, hukuma na iya tilasta wa sabon mai shi ya mayar da ginin yadda yake, da kuɗin aljihunsa.

Sai batun danshi. Da farar ƙasa aka ɗaure tubalin tsofaffin gidajen nan, ita kuwa tana barin lema ta fita, kamar yadda ginin ƙasa na gargajiya yake a wajenmu. Da zarar an yaɓe bangon da siminti, ruwan ya maƙale a ciki, fenti ya riƙa ɓarewa, katakon daɓe ya ruɓe. Lallai su biya ƙwararren mai duba gini ya yi cikakken bincike, ya hau har cikin rufi, kuma su nemi ganin takardun kuɗin ɗumama gidan na lokacin hunturu.

Amsar wata uwa daga Jos da ta zauna a yankin

Alhaji, garin yana da natsuwa da tsafta, kuma yana kan tudu ne a tsakiyar fadamar da aka janye wa ruwa tun ƙarni na 17, saboda haka a duba taswirar ambaliya idan gidan ya gangara wajen kogi. Amma zaman ƙaramin gari daban yake da ziyara. Musulmi ba su da yawa, babban masallacin da aka buɗe a 2019 yana Kambirij, can kuma aka fi samun naman halal da kayan miyarmu. Gidajen tsakiyar gari da dama ba su da wurin ajiye mota. A ganina su kama haya a Ely ɗin su ga hunturu guda tukuna, lokacin da rana ke faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma.

Amsar wani lauya a Abuja

Ranka ya daɗe, kada ka yi gaggawar sayar da filin. A Ingila amincewa da farashi ba ya ɗaure kowa har sai lauyoyin ɓangarorin biyu sun yi musayar takardun yarjejeniya, kafin nan mai gida yana iya janyewa. Idan ka tura kuɗin, lauyansu zai buƙaci wasiƙar da ke nuna kyauta ce ba bashi ba, tare da shaidar inda kuɗin suka fito, don haka ka adana takardar cinikin filin da bayanan banki. Kada kuma a saka sunanka cikin masu saye, domin tun Afrilun 2021 akwai ƙarin harajin kashi 2 cikin 100 a kan mai sayen da ba mazaunin ƙasar ba ne.