Tirela mai lambar Cadi ta buge yayana, ina za mu nemi diyya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah wanda ya san harkar inshora ya taimaka mana.

Bayan sallar layya wata tirela mai lambar Cadi ta buge yayana a kan babur tsakanin Garwa da Figil, a nan Kamaru. Cinyarsa ta karye, an sa masa ƙarfe, har yau da sanda yake zuwa bayan gida. Da babur ɗin nan yake ciyar da 'ya'yansa, ga shi a jingine a zaure gaba duk ya lotse.

Jandarmomi sun yi takardar PV (wato rahoton hatsarin), rasit ɗin asibiti kuma duk na adana su. Matsalar ita ce kamfanin inshorar motar yana Njamena. Direban yana da katin ruwan hoda na CEMAC (katin inshorar mota na ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka), kuma dokar inshora ta CIMA ce ke aiki a ƙasashen biyu, amma nan Garwa kowa sai ya turo mu gaba.

Yanzu mai motar ya aiko da kuɗi, wai Yaya ya sa hannu a wata takardar Faransanci. Hankalina bai kwanta da ita ba. In ya sa, haƙƙinsa ya faɗi kenan? Kuma a nan za mu ɗauki lauya, ko sai mun je Njamena?