Na saya wa Inna babbar waya don kiran bidiyo, data da caji sun hana mu sakat

Baban Hanifa, Fatakwal:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda ya taɓa shiga irin halin da nake ciki. Ni ina aiki a Fatakwal, mahaifiyata kuma tana ƙauyenmu can gaba da Gumel. Bayan babbar salla na saya mata babbar waya don ta riƙa ganin jikokinta ta WhatsApp. Wayar sabuwa ce dal, batiri 5000 aka rubuta a kwali. Amma datar da zan sa mata ta wata guda ba ta kai tsakiyar wata, cajin da aka yi da safe kuma kafin la'asar ya tafi. Garin babu wutar NEPA, sai mai caji a bakin kasuwa. Ita kuwa Inna in ban da koren maɓallin ɗaga kira ba abin da ta sani a wayar. Tun da aka ƙara kuɗin kira da na data a farkon 2025 abin ya fara yi mini nauyi. Masu iyaye a ƙauye, yaya kuke yi?

Maman Sadiq, Zariya:
Wa alaikumus salam. Baban Hanifa, tambaya ɗaya: wa ke kai mata wayar wajen caji?

Na tambaya ne don haka muka yi ta fama da wayar surukata. Maigida ya yi ta faɗa da kamfani, har layi ya canja mata, ba abin da ya sauya. Da muka je gaishe ta na karɓi wayar na shiga wurin da ake ganin abin da kowace manhaja ta ci. TikTok ne a sama, sai YouTube, WhatsApp ɗin da aka sayi wayar dominsa yana can ƙasa na huɗu. Hajiya ko sunan TikTok ba ta taɓa ji ba. Na kira jikanta da ke kai cajin, ya tsaya yana sosa ƙeya, wai ai wa'azi yake kunna mata. Na buɗe masa abin da aka kalla, babu malami ko ɗaya, duk ƙwallo ce da 'yan barkwanci. Hajiya kuwa sai kare shi take yi, wai a bar mata miji ya sarara.

Baban Hanifa, Fatakwal:
Maman Sadiq kin sa ni dariya. Ɗan ƙanina ne ke kaiwa, shekararsa goma sha huɗu, kuma kullum sai ya daɗe kafin ya dawo. Zan sa a duba.

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano:
Yallabai, abin da Anti ta faɗa shi ne na farko da za ka duba, amma ko yaron bai taɓa wayar ba akwai sauran lissafi. Kiran murya na WhatsApp bai cika kai megabait ɗaya a minti ba. Na bidiyo yana cin wajen biyar. Ke nan in kun yi hirar awa guda kuna kallon juna, kusan megabait 300 sun tafi a wayarta, wasu 300 a taka. Da murya zalla ce, awar nan ba za ta kai 60 ba. Awa guda a TikTok kuwa tana iya lashe rabin giga ko fiye.

Sai masu ci a ɓoye. Duk sabuwar wayar da aka kawo mini daga ƙauye nakan tarar an jefa mai ita cikin guruf-guruf na dangi da na biki, kuma duk hoto da bidiyon da aka turo yana sauka da kansa. A shiga Settings na WhatsApp, wajen Storage and data, a hana saukar komai da data, a kuma kunna Use less data for calls da ke nan wurin. A duba Chat backup kada ya zama yana kwashe hirarraki zuwa Google da datarta. A je Play Store a hana manhajoji sabunta kansu. Aikin minti biyar ne.

Maganar caji kuwa, ina zargin sabis ne. Waya in tana nesa da eriya sai ta ƙara ƙarfin da take aika saƙo da shi don eriyar ta ji ta, kamar mai ƙwala wa na tsallaken kogi kira, kuma daga batiri wannan ƙarfin ke fita. In sanda ɗaya ce ko biyu a ɗakin Inna, tana tsalle tsakanin 4G da 3G, to ko a ajiye take tana shan caji. Ka haɗa da kiran bidiyo: allo a kunne, kyamara a kunne, lasifika a buɗe. Za ka ji bayan wayar ya ɗau zafi. Zafin nan shi ke tsufar da batiri. Nakan ga wayar da ba ta shekara ba batirinta ya kumbura ya ɗaga murfi, in ka bincika a ƙarƙashin matashi ake cajinta, ko ana caji ana kallo.

Abu Khalil, Kaduna:
Malam mai gyara, ka yi bayani, amma ka daina wanke kamfanonin nan. Ni ba yaro a gidana, ba na TikTok. Da can giga biyu na kai ni wata, yanzu biyar ba ta kai ni. Hukumar sadarwa ta NCC ta amince musu ƙarin kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025, muka biya, sabis ɗin bai gyaru ba, datar kuma gudu ta ƙara. Wannan ba sata ba ce?

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano:
Alhaji, ba ni da hannun jari a wurinsu, ni ma saya nake. Amma wayar da kake riƙewa da can ba ita ce a hannunka yau ba. Bidiyo ɗaya a Facebook, in sabis ya yi ƙarfi manhajar da kanta take ɗauko mai kyawun hoto, mai kyawun kuwa ya fi nauyi nesa ba kusa ba. Status ɗin mutane ma a da can rubutu ne da hoto, yanzu kusan duk bidiyo ne. Ga gwaji mai sauƙi: ka danna *323# da safe ka rubuta abin da ya rage, ka sake dannawa da dare, ka gwada da abin da wayarka ta lissafa ta ci a ranar. In tazarar ta yi yawa kana da hujja, ka kai ƙara wurin kamfanin, in ba su saurare ka ba ka kira 622 na NCC.

Abu Khalil, Kaduna:
Zan gwada. Amma ban janye maganata ba.

Hajiya Babba, Jidda:
Ɗana Baban Hanifa, bari in ba ka labarin ɗaya ɓangaren, don ni ce uwar da ake kira. Mu nan yawancinmu imo muke amfani da shi wajen kiran gida, ƙanwata da ke Dubai kuma Botim, don can kiran WhatsApp a toshe yake. Gidan da nake akwai wayfai, saboda haka ni ban san zafin data ba. Sai in kira 'yata a Kano bayan na yi isha'i, lokacin su ko magariba ba su yi ba tunda mun riga ku da awa biyu, in jingina wayar da kofi, tana girki ina kallonta. Wani lokacin ba ma magana muke ba, motsin gidan kawai nake so in ji. Ita kuma kunya ta hana ta ce mini komai. Mijinta ne wata rana cikin wasa ya ce, Hajiya, kuɗin datarki ya kusa kamo na cefane.

Yanzu ga yadda muke yi. In na kira sai a buɗe kyamara, yara su zo ɗaya bayan ɗaya in gan su, in ga wanda ya rame da wanda aka yi wa aski, in sa musu albarka. Daga nan kowa ya rufe kyamararsa mu ci gaba da hira da murya har mu gaji. Amma kada wani ya ce maka ka hana tsohuwa ganin fuska gaba ɗaya. Wanda bai yi nisa da 'ya'yansa ba ba zai gane ba.

Ɗan Maradi:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Mu nan mun sha wannan darasi a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke muna kuran, wato wutar lantarki, bayan juyin mulkin Nijar. Sai a wuni a kwana babu wuta. Tun sannan gidanmu muka koma bokal, wato saƙon murya. Tsohuwarmu tana danna alamar makirfo ta yi magana son ranta, ta gaida kowa da sunanshi, ta ba da labarin wanda ya haihu da wanda ya rasu, ta saki. Ko sabis babu a lokacin, saƙon shina nan shina jira, da ya samu ya wuce. Kira kuwa dole ku biyu ku samu sabis da caji a lokaci guda, in ba haka ba sai "kina jina? kina jina?" har forfe, wato datar da aka saya, ya ƙare. Wana da ke Agadas bokal ɗinta yake tarawa, in ya taso aiki ya saurara. Forfen jika guda ta sefa yana kai ta nesa.

Sannan mun sai mata ƙaramin faranti na sola mai fitila da wurin caji. Da rana a ɗora farantin bisa rufi, wayar tana cikin ɗaki a inuwa. Kada a bar wayar waje tare da farantin, zafin watan Afrilu na kashe batiri.

Mai caji, Haɗeja:
To ni sana'ata ake taɓawa, bari in ce wani abu kafin a ɗora mana laifi. Oga Baban Hanifa, ka tambaya nawa wayar take nunawa lokacin da aka karɓo ta. Yaro zai kawo waya a mace, ya dawo bayan awa guda ya ce Inna na jira, in ce ba ta cika ba, ya ce a ba shi haka nan. Ya tafi da ita a kashi sittin, a gida a ce an yi caji. Batiri 5000 a irin cajarmu yana son awa uku, wani lokacin fiye. Kuma yawancin masu kawowa ba sa kashe wayar, data a kunne, saƙonni na ta shigowa, tana sha tana zubarwa. A teburina akwai layin soket sama da hamsin, duk wayar da aka kashe kafin a miƙo ita ke riga cika. In da hali a riƙa haɗowa da cajarta ta asali, a ɗaura mata ƙyalle ko a rubuta suna don kada ta ɓace. Igiyoyin da muke saye da yawa ba duka ke da kyau ba, wannan gaskiya ce.

A Oktoban 2024 da Arewa ta yi fiye da mako guda cikin duhu, bayan an lalata layin wutar Shiroro zuwa Kaduna sannan na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, har masu manyan motoci sun yi layi a gabana. An zage mu a kan ƙarin kuɗi, amma janareta ba ruwa yake sha ba, kowa ya san inda fetur ya kai tun da aka cire tallafi a 2023.

Baban Hanifa, Fatakwal:
Na gode ƙwarai jama'a. Na sa ƙanina ya duba, Maman Sadiq ta canka, har hotspot yaron ke kunna wa abokansa a bakin kasuwa su sha datar Inna. An sa wa wayar makulli, an gyara abubuwan da Malam mai gyara ya lissafa. Da na kawo wa Inna maganar mu koma murya, cewa ta yi, murya ai ko a ƙaramar wayata ina ji, me ya sa ka ɓata kuɗinka? Don haka shawarar Hajiya Babba za mu bi. Bidiyo ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, a ƙofar gida gindin darbejiya inda ƙanina ya ce sabis ya fi kamawa. Sauran kwanaki a kira ta a ƙaramar Itel ɗinta mai tocila, wadda caji ɗaya ke kai ta kwanaki. Abin da ban yanke ba shi ne sola zan saya ko fawa banki.

Bazamfara, Gusau:
Yaya, kafin ka sayi komi, a koya wa na gida alamar jirgin saman nan da ke cikin waya, wadda in an danna ta waya ke daina neman sabis. A Satumban 2021 da anka rufe muna sabis a Zamfara baki ɗaya, mun ga abin mamaki: waya ba kira ba saƙo, amma caji na ƙarewa da wuri, don wuni takai tana neman eriyar da babu. Da munka gane sai mu danna jirgi, sai in za mu fita inda ake samun sabis mu cire. Tunda ƙaramar wayar ce za a riƙa kiranta da ita kullum, babbar ta zamna a jirgi ko a kashe har Juma'a.

Mai gyaran waya, Farm Centre, Kano:
Sola, Yallabai. Fawa banki shi ma sai an kai shi wurin mai caji, ka ga yaron ya sake samun hanya. Kuma lambar da ke jikinsa ba ita ke shiga waya ba. Batirin cikinsa volt 3.7 ne, yana fitarwa a volt 5, wajen juyin nan ake asarar kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai 20,000 na gaske zai cika wayar Inna sau biyu da ɗan wani abu. Na jabu kuwa kada nauyinsa ya ruɗe ka, na taɓa buɗe wani na tarar da ƙaramin batiri ɗaya, sauran gurabun an cika su da yashi. In za ka sayi solar, ka nemi mai batiri a cikin akwatinsa da bakin USB, faranti mai igiya doguwa da za ta kai daga rufi zuwa ɗaki, a gwada maka shi da wayarka a shagon kafin ka biya. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙurar farantin kowace safiya, in ba haka ba cajin zai ragu sosai.