Dattijo ya kawo ayar da ta ɗaure mini kai kan binciken kuɗin ikilisiya

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ni akanta ne, kuma ma'ajin ikilisiyarmu. Na kawo shawara a gaban dattawa cewa mutum biyu su riƙa ƙirga baiko, kowane kashe kuɗi ya zo da rasit, sannan wani daga waje ya duba littattafanmu duk shekara. Hujjata ita ce 2 Korintiyawa 8:20-21, inda Manzo Bulus ya haɗa Titus da wasu 'yan'uwa kan gudummawar tsarkaka, don kada a sami abin zargi a gaban Ubangiji ko a gaban mutane.

Sai wani dattijo, wanda nake ganin girmansa ƙwarai, ya buɗe 2 Sarakuna 12:15: a zamanin Sarki Yowash ba a nemi lissafi daga masu kula da gyaran Haikali ba, domin amintattu ne. Ya ce neman rasit rashin yarda da ɗan'uwa ne.

Na lura a aya ta 10 magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirga kuɗin akwatin baiko na Haikali, amma hakan bai warware mini aya ta 15 ba. Masana tauhidi, yaya ake daidaita ayoyin nan? Kuma ta yaya zan amsa wa Baba ba tare da ya ji kamar zarginsa nake yi ba?