Baba ya rasu a Ingila, minti 30 kawai suka ba mu a ɗakin sujadar maƙabarta

Maman Iliya: Salama 'yan uwa. Baba ya zo wurina Manchester ganin jika da duba hawan jini, sai ga shi Ubangiji ya kira shi ranar Talata. Mutumin Wusasa ne, a cocin nan na ƙasa aka yi masa baftisma, ya yi shekaru yana koyarwa, waƙoƙin littafi kuwa duk a kansa suke. Na yi rajistar mutuwa, na karɓi koriyar takardar binnewa, na kama ɗakin sujada na cikin maƙabarta. To minti 30 ne, wata gawar na bayanmu. Zumuntar mata na son waƙa uku, ga wa'azi, ga tarihinsa. Baffana kuma Musulmi ne, zai zo daga Landan, ya ce ba zai shiga ba. Yaya zan yi?

Kawu Bature: Allah ya ji ƙansa. Amma 'yata, wa ya ce ki binne shi a nan? Dattijon Wusasa a kwantar da shi cikin sanyin Turawa, babu mai zuwa kabarinsa? Ki kai shi gida. Magana ta ƙare.

Maman Iliya: Kawu, kuɗin fa? Ni kaɗai ce ke aiki.

Ladi: Sannu da rashi, yaya. Ki tambayi masu shirya jana'izar ko za a ba ki zango biyu a jere, ana yi, ƙarin kuɗi ne kawai. Ko a yi sujadar a cocinku, a zo maƙabarta don addu'ar bakin kabari. Nan Baffa zai iya tsayawa. Ki kuma bincika kuɗin kabarin, ƙananan hukumomi da yawa na ninka wa wanda ba mazaunin yankin ba.

Kawu Bature: Kin ji ko? Ninki! Kuɗin ai ya kusa na jirgi. Hanyar ma ba wuya: a sanar da korona (jami'in binciken mutuwa), a jira kwana 4 ya ba da izinin fita da gawa, a yi mata allura, a rufe a akwati mai kwano a ciki, sai Abuja. A buɗe asusu yau, ni zan fara.

Baban Biyu: Asusu? Hmm. Lokacin da innata ta rasu haka aka yi ta alkawari a wannan zauren. Mutum nawa suka turo? Har yau ina biyan bashi, waɗanda suka fi kowa kuka a waya ko sisi.

Ladi: Ba lokacin wannan ba ne, don Allah.

Maman Iliya: Cocinmu zauren makaranta muke haya, Lahadi kawai. Shi ya sa na kama ɗakin. Kuma na riga na ba da kafin alƙalami. Baba da bakinsa ya sha cewa ƙasa duk ta Allah ce.

Kawu Bature: Ya faɗa yana da rai da lafiya. Mahaifiyarki ta amince?

Maman Iliya: Wannan wata magana ce daban, Kawu. Ni tambayata waƙoƙin ne, wacce za a cire?

Baban Biyu: Fasto za ki roƙa ya rage wa'azi. In ya yarda ki zo ki ba mu labari.