Abin da aka tattauna kan ƙwayoyin da ke juya hayyaci

Zancen da aka yi kan yadda ƙwayoyin nan ke aiki da abin da suke nunawa game da hayyaci ya yi tsawo, na tattaro abin da aka faɗa.

1. Kusan kowa ya yarda LSD, wani sinadari da ake haɗawa a ɗakin gwaji, da silosaibin, sinadarin da ke cikin wata irin laimar kwaɗi, suna aiki ne a hanyar serotonin, wani sinadari mai isar da saƙo cikin ƙwaƙwalwa. An tuna mana cewa masanin sinadarai Albert Hofmann ya haɗa LSD a Suwizalan a 1938, bai gano tasirinta ba sai 1943.

2. Masu ba da labarin abin da suka gani sun fi nanata ɓacewar "ni". Wata ta ce ta ƙura wa tafin hannunta ido har ta kasa sanin inda ita ta ƙare, inda ɗakin ya fara. Wani kuwa kuka ya yi ta yi, ya tuna rashin kyautawarsa ga mahaifinsa.

3. Nan aka rabu, kan ma'anar abin da suka gani. Wasu sun ce labule ne aka yaye, hayyaci ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwa. Wasu suka ce tunda ɗan ƙwayar sinadari ke birkita shi, ai ƙwaƙwalwar ce ke haifar da shi. Ni dai na fi karkata nan, don jin tabbas ba shi ne gaskiya ba.

4. Gargaɗi bai samu saɓani ba: mai tarihin taɓin hankali a danginsu ya nisanci ƙwayoyin, kuma yawancin ƙasashe sun haramta. Ostareliya ta halatta silosaibin a 2023, amma a hannun likitan ƙwaƙwalwa kawai, ga ciwon damuwa da ya ƙi jin magani.