Muhawarar zauren matasan Maradi kan zanen dajin Baban Rafi

Mai Fenti: Salamu alaikum. Wallahi raina a ɓace yake. Na shirya babban zanen bango: gefe ɗaya dajin Baban Rafi zamanin da giwaye ke shigowa, gefe ɗaya kututture da amalanke shaƙe da itace. Da gawayi da jar ƙasa zan yi shi, don gawayin nan gawar itatuwanmu ce. Na je wani ofishi neman bango, aka ce in dawo, har yau shiru. Da hoton ɗan siyasa ne da tuni an ba ni. Daji ya ƙare, ba wanda ya damu.

Baba na Ɗan Saga: Ɗana, janye "ya ƙare" ɗin nan. Zo gonata ka ƙirga gawo da kalgo. Bayan yunwar El Buhari ta 1984 ƙasar nan fayau take, iska ta binne shuka da rairayi, a sake shukawa, ta sake binnewa. Mu muka daina tumɓuke kututture. In ya tofo, ka zaɓi rassa biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran. Sassaben zamani ke nan. Yau matanmu a gona suke samun itacen girki.

Mushe: Gaskiyar Baba. Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya, a nan Maradi ya fara aikin a 1983. An ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5 a Nijar. Wannan ne ya ƙare?

Baba na Ɗan Saga: Mushe, Bature ya nuna, amma hannun wa ya yi kanta?

Mai Fenti: Baba, Allah ya ba ka haƙuri, itacen gona daban, daji daban. Giwa za ta kwana cikin hatsi? Ina jimina, ina barewa?

Ɗan Dakoro: Raƙumin dawa fa? A 2018 an kawo guda 8 daga Kure, kusa da Yamai, zuwa dajin Gadabeji na wajenmu Dakoro. Ku 'yan birni duk abin da ba ku gani a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo ba, sai ku ce ya ƙare.

Mai Fenti: In bai ƙare ba, don me aka ɗauko shi a mota?

Ɗan Dakoro: Ka taɓa taka Gadabeji?

Hajiya: Ni amalanken ne ya tsaya mini a rai. Mai sayar da itace da mu masu hura wuta za a liƙa a bango a ce mu muka cinye daji? Ku sauƙaƙa mana gaz ku gani. Kowa na cin tuwo, ba mai tambayar da me aka dafa.

Ustaz: Kafin a yi nisa, zanen abu mai rai fa? Ka zana itace, ka bar giwa.

Mushe: Ustaz, littattafan lakwal cike suke da hoton dabbobi.

Ustaz: Lakwal ba hujja ba ce.

Ɗan Dakoro: Ni dai a fara zana dashen 3 ga Agusta, ranar bikin dashen itace. A dasa, a ɗauki hoto, kafin kaka awaki sun cinye.

Mushe: Awakin wa? Na makiyayanku.

Ɗan Dakoro: To manomanku da suka shuke burtali fa?

Shugaban zaure: Ya isa haka. Abin da aka tsayar: daji bai ƙare ba, manoma ne suka ceto shi, kamar yadda Baba ya faɗa, kuma ni shaida ne don gonarmu ta gado haka take. Mai Fenti ya sake zanen, ya sa manomi da adda a tsakiya. Maganar makiyaya ba ta zauren nan ba ce.

Hajiya: Shugaba, maganar gaz ɗina ba ta shiga ba?